Tsufan Gaskiya da Tsufan Hannu: Darasi Daga Duwatsun Birnin Kudu

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ƙarƙashin Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya ɗaga kai, zai ga shanu a jikin dutse, waɗansu an cike su da jan launi, waɗansu kuma siffar jikinsu kawai aka zagaye da layi. Idan ɗan makiyaya ne, abin da zai fara lura da shi ba launin ba ne. Zai ce shanun nan ba su da tozo. Gaskiyarsa kuwa, domin bunaji da rahaji da bokoloji da ake kiwo a ƙasar Hausa yau duk masu tozo ne, marasa tozon sai an gangara kudu wajen muturu, ko an nufi Tafkin Chadi wajen kuri. Ke nan masu zanen sun zauna da irin shanun da ba su ne ake gani yanzu a makiyayar Birnin Kudu da Gwaram ba. Bernard Fagg, jami'in kayan tarihin nan da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya gabatar da bayanin waɗannan zane-zane da duwatsun kiɗan da ke kusa da su a taron masana da aka yi a Livingstone cikin 1955. A yau Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke lura da wuraren.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wata sana'ar hannu da ta yaɗu a duniya, inda ake haɗa takarda da ƙyalle da fata da ganye a kan shafi ɗaya, a buga musu hatimi, sannan a shafa musu launin da zai sa su yi kamar sun shekara ɗari. Ana yin katin gayyata da bangon littafi da allon ado ta wannan hanya. Masu yin ta a ƙasashen Turai da Amurka sukan sayi tawada ta musamman da hatimin roba masu tsada. Ɗalibin Gwaram ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki, domin kayan aikin suna gindin bagaruwa, da bakin maƙera, da cikin tulin sakaina a bayan ɗaki. Abin da yake bukata shi ne ya fahimci mene ne tsufa a jikin abu, don wanda bai san yadda abu ke tsufa da kansa ba, ba zai iya kwaikwayonsa ba, ba zai kuma iya kare tsohon gaskiya daga lalacewa ba.

Jan da ba ya kodewa

Jan launin da aka fi amfani da shi a zanen duwatsun Afirka daga koya ake samunsa, wato jar ƙasar nan mai ɗauke da baƙin ƙarfen da ya riga ya haɗu da iskar oksijin. A taƙaice, tsatsa ce. Nan ne sirrin daɗewarsa yake. Yawancin launukan da ake samu daga tsirrai, hasken rana da oksijin ne ke karya su har su kode. Koya kuwa ta gama haɗuwa da oksijin tun kafin a haƙo ta, saboda haka iska ba ta da sauran abin da za ta yi mata. Ƙwayoyinta kuma ƙanana ne ainun, sukan kutsa cikin ƙofofin da ke fuskar dutse su maƙale, ko da abin da aka kwaɓa su da shi, kitse ne ko jini ko ƙaro, ya ruɓe ya ɓace.

Amma dutse ba matacce ba ne kamar yadda ido ke ɗauka. Fuskarsa gari ce guda ta ƙananan halittu. Akwai tabon nan fari-fari ko kore-kore mai zagaye kamar makero da ake gani a jikin duwatsu, wanda masana ke kira laikin. Ba halitta ɗaya ba ce, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsakanin fumfuna da gansakuka: gansakuka na haɗa abinci da hasken rana, fumfuna na riƙe laima da maƙale dutse. Laikin na fitar da tsami wanda ke cin fuskar dutse sannu a hankali, kuma idan ya hau zane yakan tafi da shi. Akwai kashin jemage da na tsuntsaye, akwai hanyar gara, akwai kuma zanzaro da ke gina ɗakinsa na laka a ƙarƙashin dutse inda ruwan sama ba ya kaiwa, daidai inda masu zane su ma suka zaɓa.

Zanzaron nan ya zama abokin masu bincike ta hanyar da ba a zata ba. A cikin lakar da yake gini da ita akan sami burbushin gawayi, gawayi kuwa ana iya auna shekarunsa da ma'aunin kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa a duk shekara 5,730. Idan aka sami gidan zanzaro a ƙarƙashin launi, to ya girmi zanen. Idan a kan launi yake, zanen ya girme shi. Da wannan dabara ce masana a Ostireliya suka bayyana a 2021 cewa wani zanen dabbar kangaru a yankin Kimberley ya kai kimanin shekara 17,300. Darasin da ke ciki ga mai ziyarar Birnin Kudu a fili yake: wanda ya sa tsinke ya kankare busasshen gidan zanzaro daga jikin zane da nufin tsabtace shi, wataƙila takardar haihuwar zanen ce ya yage. Haka nan watsa wa zane ruwa don ya fito sosai a hoto, ɗabi'ar da ta yi wa zanen duwatsu ɓarna a ƙasashe da yawa. Ruwan kan narkar da gishirin da ke cikin dutse, idan ya bushe gishirin ya daskare a ƙarƙashin launi ya ɓamɓare shi. Hannu ma yana barin maiƙo da gumi, abincin fumfuna ke nan.

Bagaruwa da kashin maƙera

Daga dutse sai fata, domin a nan ne Bahaushe ya fi kowa sanin hatimi da launi. Ɗanyar fata abinci ce ga ƙwayoyin cuta, kwana kaɗan ta yi wari. An gina ta ne da zarurrukan furotin da ake kira kolajin. Majemi kan jiƙa ta, ya cire gashin da toka, ya tausasa ta da fataka, tsiron nan mai farin ruwa wanda ke ɗauke da enzayim mai narkar da furotin ɗin da ba a bukata, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Kwanson bagaruwa cike yake da sinadarin tanin, shi ne baurin da ke ɗaure baki idan an tauna shi, ko ɗanyen goro, ko shayin da ya daɗe a wuta. Itacen ya tanadi tanin ne don kare 'ya'yansa daga ƙwari da fumfuna. Abin da tanin ke yi wa furotin ɗin da ke cikin yawu har baki ya ɗaure, shi yake yi wa kolajin: ya kama zarurrukan ya ɗaure su da juna, ya hana ƙwayoyin cuta samun wurin ci. Fata ta zama kirgi ke nan.

Wannan kirgi ne, musamman na jar akuyar Sakkwato, fatake suka riƙa ratsa Sahara da shi har Turawa suka laƙaba masa sunan fatar Maroko, saboda ta can yake isa gare su. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa.

Baduku yakan ɗan jiƙa kirgi, ya ɗora ƙarfen da aka sassaƙa wa baki, ya buga. Ruwan ya sa zarurrukan kolajin sun saki jiki sun matsu, idan suka bushe sai su tsaya a yadda aka matsa su, alamar ta zauna muddin ran fatar. Fatar da aka jeme a masana'anta da gishirin kuromiyam, hanyar da ta bazu tun daga ƙarshen ƙarni na 19, ba ta riƙe hatimi haka, takan koma yadda take kamar soso. Shi ya sa masu ado a fata a ko'ina cikin duniya har yau jimar tsirrai suke nema, abin da majeman ƙasar Hausa ba su taɓa bari ba.

Jan launi na kirgi daga karan dafi yake, wata irin dawa da ba don hatsinta ake shuka ta ba sai don jan kuben ganyenta. Sinadarin da ke ba da jan ana kiransa afijeninidin, kuma dawa na haɗa irinsa ne don yaƙar fumfunar da ta kai mata hari. Ɗan'uwan jan zoɓo ne, sai dai ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake samu ta hanyar jiƙa kashin maƙera ko guntayen ƙarfe cikin ruwa mai tsami. Abin mamaki, ruwan kuloko ba baƙi ƙirin ba ne a cikin kasko. Sai ya taɓa kirgi yake yin baƙi, domin ƙarfen da ya narke a cikinsa ya tarar da tanin ɗin bagaruwa a jikin fatar, su biyun suka haɗu suka haifi sabon sinadari, iska kuma ta ƙara masa duhu.

Wannan auren tanin da ƙarfe ya cancanci a tsaya a kansa, domin al'ummu da dama sun gano shi kowacce a nata gefen. A Mali, masu yin zanen bogolan kan tsoma saƙi cikin ruwan ganyen marke, sannan su yi zane a kansa da taɓo mai ƙarfe wanda ya daɗe a tulu. Idan aka wanke taɓon, baƙin ya zauna. A Ntonso, kusa da Kumasi a Ghana, masu yin adinkira kan dafa ɓawon kirni har ya yi kauri, a al'adance tare da kashin maƙera, su sassaƙa hatimi a jikin guntun ƙwarya, su riƙa dangwala shi a kan yadi. Wani mayafin adinkira da Thomas Bowdich ya samo a Kumasi cikin 1817 yana nan a Gidan Tarihin Birtaniya. Turawa ma da irin wannan tawada suka yi rubutu na ɗaruruwan shekaru, sai dai nasu tanin ɗin daga ƙullutun da wani ƙwaro ke haddasawa a jikin itacen oak suke samunsa. Marke da kirni da bagaruwa duk itatuwan da ɗalibin kudancin Jigawa ya san sunansu ne tun yana yaro, ba a dai gaya masa cewa darasin kimiyyar sinadarai ne ke tsaye a bakin gonarsu ba.

Tawadar allo daban take. Gawayi ne ko baƙin tukunya da ƙaro, ba ta haɗuwa da abin da aka rubuta ta a kai, zama kawai take yi a samansa, shi ya sa ake wanke ta. Amma idan ruwa bai taɓa ta ba, rana ba ta kodar da ita. Tawadar ƙarfe kuwa ba ta wankuwa, sai dai da tafiyar zamani takan koma ruwan ƙasa, wani lokaci tsamin da ke cikinta ya cinye takardar har haruffa su zama huji.

Me ke sa takarda ta yi ja?

Jaridar da aka bari a taga mako biyu takan yi ruwan ɗorawa, alhali akwai littattafan malamai a Kano da Katsina da Sakkwato da suka haura shekara ɗari da hamsin takardarsu na nan da ƙwarinta. Bambancin daga tsiro yake. Bangon ƙwayar halittar itace ya ƙunshi selulos, wanda fari ne, da lignin, wanda ke manne zarurrukan ya ba itace tauri. Tun bayan da Bajamushe Friedrich Keller ya ƙera injin niƙa itace don yin takarda a 1844, takarda mai araha da lignin ɗinta ake yin ta, shi kuwa da zarar ya sha haske da oksijin sai ya rikiɗe ya yi ja. Tsofaffin littattafan ƙasar Hausa an rubuta da yawansu ne a kan takardar da aka yi da tsumma a Italiya, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. Idan aka ɗaga ta a haske akan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Tsumma kusan selulos ne zalla, ba lignin da zai rikiɗe. Maƙiyan irin wannan takarda su ne laima, da fumfuna mai barin ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, da uwa-uba gara, wadda ke narkar da selulos da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta, ko kuma fumfunar da take nomawa a cikin shuri.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malamin kimiyya da malamin zane za su iya haɗa aji ɗaya su yi wannan aiki da kayan da ba su fi ƙarfin kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ba. Mako guda kafin ranar, a zuba tsofaffin ƙusoshi cikin kwalba, a rufe su da ruwan khal ko ruwan tsamin gasara, a bar murfin a sake don iskar da ke tasowa ta sami hanyar fita. Malami ne zai ɗauki ƙusoshin, ba yara ba, saboda raunin da abu mai datti ya yi na iya shigar da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora. A wata tukunya da ba ta ƙarfe ba, a dafa dakakken kwanson bagaruwa, a tace.

A ranar aiki, kowane ɗalibi ya cukuikuye farar takarda mai ɗan kauri, ya warware ta, ya shafa mata ruwan bagaruwa ko shayi mai ƙarfi da auduga. Zai ga launin ya fi kama wuraren da suka karye, domin a nan zarurruka suka buɗe suka fi shan ruwa. Tsohuwar takarda ma ta gefe da wurin ninki take fara yin duhu, inda iska da hannu suka fi kaiwa. Wanda ya shafe shafin bai ɗaya, rini ya yi, ba tsufa ba. Ruwan dakakken goro na ba da launi mai ɗan ja, kuma yana da nasa darasin: goro na canza launi bayan an fasa shi ne saboda wani enzayim da ke cikinsa ya sami oksijin, kamar yadda yankakken dankali ko gauta ke yin duhu.

Hatimi kuma a sassaƙa shi a jikin sakaina, ko a yanka rogo ko dankali biyu a fiƙe siffa a fuskarsa. Mai son harafi ya tuna cewa a juye ake sassaƙa shi, kuskuren da kusan kowane ɗalibi ke yi a karon farko. Idan takardar ta bushe, a dangwala hatimin cikin ruwan ƙusa, kaɗan kawai, a danna. Da farko ba za a ga abin kirki ba, amma kafin a kirga ashirin siffar za ta fara fitowa toka-toka, ta ci gaba da yin duhu. A sake danna hatimin a kan farar takardar da ba ta sha bagaruwa ba, a kwatanta. Wannan ta biyun ita ce ma'aunin gwajin, kuma malamin da ya tsallake ta ya mai da kimiyya dabo.

Ganye ma hatimi ne, wanda ya fi na roba kyau. A shafa ruwan ƙusa a bayan ganyen mangwaro da na dawa, a danna su gefe da gefe. Jijiyoyin mangwaro za su fito kamar raga, na dawa kuma a jere ba mai ratsa wani, bambancin tsirrai masu ganyen iri biyu da masu ganyen iri ɗaya ke nan, wanda ɗalibai kan haddace don jarrabawa ba tare da sun taɓa ganinsa a takarda da hannunsu ba. Daga nan sai a ɗiga ruwan lemun tsami a kan wani ɓangare na baƙin: zai dusashe, domin tsamin ya raba ƙarfe da tanin. Ruwan kanwa kuma yakan ƙara wa launin shayi da na goro duhu. Guntun kirgi, da saƙi, da zaren kaba, ana iya manna su a shafin da ƙaro. Kunun rogo ma yana mannewa, amma gayyatar kyankyaso ne.

Inda ado ke zama zamba

Tsufar da abu don ado halal ne na sana'a, muddin mai saye ya san sabo ne. Amma dabarar ita ce dai mayaudara ke amfani da ita. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta ba da sanarwar cewa ta samo littattafan da Hitler ya riƙa rubuta sirrinsa a ciki, bayan ta biya miliyoyin kuɗi. Ashe wani mutum ne mai suna Konrad Kujau ya rubuta su, ya yayyafa musu shayi, ya bubbuga su don su yi kamar sun sha wuya. Masana tarihi na ta gardama a kan salon rubutun, ɗakin gwaji kuwa cikin 'yan kwanaki ya kashe maganar: takardar na ɗauke da sinadarin ƙara fari wanda ba a fara sa shi a takarda ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Irin wannan sinadari na walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Ɗalibi zai iya haska takardar da ya tsufar, musamman wuraren da launi bai kama sosai ba, ya ga yadda take tona asirin kanta. Haka ake yi wa gumakan yumɓu da ake cewa na Nok ne, inda ake auna hasken da yumɓu ke fitarwa idan an zafafa shi don a san yaushe rabonsa da wuta.

Sashe na ƙarshe na gwajin shi ne mafi jinkiri, kuma shi ya fi kusa da abin da ke faruwa a jikin dutse. A sami takarda ɗaya a ja mata layi biyar: na koya da aka kwaɓa da ƙaro, na zoɓo, na karan dafi, na tawadar allo, da na bagaruwa da ƙarfe. A rufe rabin kowane layi da kwali, a kafe takardar a tagar aji ta ciki inda rana ke bugawa amma ruwa ba ya kaiwa. Duk ranar Litinin ɗalibi ɗaya ya ɗaga kwalin, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ya mayar. Zoɓo ne zai fara sallama. Ajin da ke kusa da Birnin Kudu, idan zangon karatu ya ƙare, ya ɗauki takardar ya nemi izinin jami'an da ke kula da duwatsun, ɗalibai su tsaya a gaban shanun nan marasa tozo da layin koyarsu a hannu, su kwatanta da ido kawai, hannuwa a baya.